Daga Dandali Zuwa Gaban Kyamara: Rawarmu a Zamanin Gasar Talabijin

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A wannan zamani kuwa an sami wani abu da ke sauya rawa ko da makaɗi bai sake hannu ba, shi ne idon mai kallo da wurin da yake zaune. Tun farkon shekarun 2000 gidajen talabijin na duniya suka rungumi wani nau'in shiri wanda Larabawa ke kira tilfizyon al-waƙi', inda ake ɗauko mutanen gari waɗanda ba a san su ba, a tsayar da su gaban alƙalai su gwada waƙa ko rawa, 'yan kallo su jefa ƙuri'a ta wayar hannu, kowane mako a sallami wani har a tsaya kan gwani guda. Mu Hausawan Gadarif mun kalli waɗannan shirye-shirye kamar kowa, a tsakar gida da rumfunan shayi, kuma akwai 'ya'yanmu da suka buɗe ido suka tarar da su. Ya kamata mu tambayi kanmu abin da suka yi wa rawa, musamman irin tamu, wadda ba ta da gidan talabijin nata a ƙasar nan. Amsar tana cikin tarihi, tarihin kuma ya girmi talabijin.

Abin da kakanni suka taho da shi

Hanyar gabas tsohuwa ce. Tun kafin zuwan Turawa mahajjata ke ratsa Borno da Wadai da Darfur da Kordofan a ƙasa, suna nufin Sawakin su haye teku. Wasu su yi shekaru a hanya, wasu kuma hanyar ta zame musu gida. Babbar ƙaura ta biyo bayan yaƙin Burmi na ranar 27 ga Yuli 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Nilul Azraƙ, kusa da Sinnar. Daga baya aikin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925, da layin dogo da ya iso Gadarif a ƙarshen shekarun 1920, da noman inji da aka fara a yankin Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, suka jawo ma'aikata zuwa wannan baƙar ƙasa ta dawa da riɗi. Da yawa daga cikin ma'aikatan nan iyayenmu ne da kakanninmu.

Waɗanda suka taho sun ɗauko allo da tawada, sun kuma ɗauko ganga. Tsakanin waɗannan kaya biyu akwai tsohuwar muhawara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin ɗabi'un sarakunan da ya soka, ya keɓe kiɗan da ake yi domin wata bukata ta shari'a kamar tara rundunar yaƙi. Saboda haka Bahaushe ya iso Sudan yana ɗauke da rawa tare da kunyar rawa. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane dalilin da ya sa uba ke murmushi in ya ji kalangu daga nesa, amma ya ɗaure fuska in ya ga 'yarsa a hoton bidiyo ba.

Yadda rawa take a dandali

A ƙasar Hausa rawa ba ta tsayawa ita kaɗai, kowace tana da masu ita da lokacinta. Kalangu na mahauta ne, shi ne kuma na 'yan mata da samari a dandali. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma tana bin manoma ranar gayya, 'yan hoto suna cilla garma sama su tare ta da jikinsu. 'Yan tauri suna da nasu kiɗan da ke tsuma su har su zaro wuƙa. Garaya da goge suna wurin masu bori. A cikin gida, inda namiji ba ya leƙawa, akwai kiɗan ƙwarya da shantu da amada, a ƙofar gida kuma da farin wata akwai gaɗa, wadda ba ta bukatar komai sai tafi da murya.

Abubuwa uku ne suka haɗa dukkan waɗannan. Na farko da'ira: jama'a su kewaye fili, mai rawa ya shiga tsakiya, ba shi da gaba ba shi da baya, domin ko'ina ya juya akwai ido. Na biyu take: makaɗi ya san mutum, ya san ubansa da sana'ar gidansu, in ya buga takensa sai ya tashi ya shiga, sanƙira yana masa kirari. Na uku, mai kallo shi ne mai rawa. Wadda ke tafi yanzu ita za ta shiga fili anjima, wanda ya yi liƙi shi za a yi wa liƙi gobe. Akwai gwani, kowa kuma ya san shi, amma ba a korar wanda bai iya ba. Ba wanda ke riƙe da agogo, rawa tana ƙarewa ne sa'ad da makaɗi ya gaji ko dare ya raba.

Wasu daga cikin waɗannan raye-raye sun raunana tun kafin kowa ya ga talabijin, domin rawar da aka ɗaure da sana'a tana bin sana'ar duk inda ta nufa. Inda tarakta ke huɗa dubban kadada, ma'aikaci kuma ke yankan riɗi a kan lada, gayya ba ta da gurbi, gangar noma kuwa ba ta da wanda za ta zuga. Wannan gaskiya ce da ya kamata mu ajiye a gefe, don kada mu ɗora wa kyamara laifin da ba nata ba.

Murya ta shiga, jiki ya tsaya a ƙofa

Rediyo na cikin na'urorin farko da suka ɗauki fasaharmu a Sudan. An buɗe gidan rediyon Umdurman a 1940, kuma mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a cikinsa 'yarmu ce, A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha al-Falatiya. An haife ta a Kasala, mahaifinta malami ne da bai so wannan hanya ba, ta fara rera waƙa a wuraren biki, sannan a 1942 muryarta ta fita ta rediyo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta rera wa sojojin Sudan waƙa a sansanoninsu, ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974 tana ɗaya daga cikin iyayen waƙar Sudan ta zamani.

Akwai darasi a tarihinta. Rediyo ya karɓi muryar Bahaushiya domin murya ba ta da fuska, ba ta da ƙafa. Abin da ya rage a ƙofa shi ne fili da masu tafi da rawar da waƙoƙin biki suka taso a cikinta. Ko da aka buɗe talabijin a Umdurman a farkon shekarun 1960, abin da ya fi cika allo shi ne mawaƙi a tsaye gaban ƙungiyar masu goge na Turai da ud. Rawar ƙabilu takan fito ne a ranakun bukukuwan ƙasa, a matsayin kayan gargajiya, kowace ƙabila da 'yan mintocinta: kambala daga duwatsun Nuba, waza daga Nilul Azraƙ, rawar takobi daga gabas.

Darasin koroso

Abin da dandamali ke yi wa rawa ya fi bayyana a Kano. Rawar koroso, wadda a yau mutane da yawa ke ɗauka ita ce tsohuwar rawar Hausa, an tsara ta ne domin nuni. Ma'aikatan al'adu na Jihar Kano suka harhaɗa ta daga raye-rayen Hausawa da Fulani, ta fito a bikin fasaha da al'adu da aka yi a Kaduna a 1972, ta ƙara suna a zamanin FESTAC na 1977. Sunanta daga kacau-kacau ɗin da masu rawa ke ɗaurawa a ƙafa ya samo asali. Ana yin ta bibbiyu, da tufafi iri ɗaya, da lanƙwasa jiki da tsalle-tsallen da ke sa baƙo ya riƙe baki.

Koroso ta yi kyau, ta kuma kai sunan Hausa wurare masu nisa. Amma mu lura da abin da ya faru: da'ira ta buɗe ta zama sahu mai fuskantar manyan baƙi, take ya zama tsari da aka haddace, mai kallo ya zauna a kujera ba zai tashi ya shiga ba. Bayan shekara hamsin, rawar da aka ɗinka domin dandamali ita ake kira gado, raye-rayen da aka yanko ta daga jikinsu kuwa sai a tambayi tsofaffi. Irin wannan ya sake faruwa da finafinan Kano, musamman bayan Sangaya na 1999, inda rawa da waƙa irin ta finafinan Indiya ta zama abin da yaro ke gani a matsayin rawar Hausa, har faifan ya iso kasuwanninmu na nan.

Zuwan gasa

A kan wannan shimfiɗa gasar talabijin ta sauka. A Ingila gidan BBC ya fara Strictly Come Dancing a 2004, a Amurka aka fara So You Think You Can Dance da Dancing with the Stars a 2005. A ƙasashen Larabawa, Super Star da Star Academy sun fito daga Labanan a 2003, sannan MBC ta kawo Arabs Got Talent a 2011, wanda ya shiga gidajenmu ta tauraron ɗan'adam. A Najeriya an yi Maltina Dance All tun 2007, inda iyalai ke gasa, uba da uwa da 'ya'ya a dandamali ɗaya.

Sai mu faɗi alherin abin tukuna. A da, mai rawa a talabijin yana bayan mawaƙi, ba a ko ambatar sunansa. Gasa ta ba shi suna, ta ba shi lada, ta sa iyaye suka yarda rawa na iya zama sana'a. A Arabs Got Talent kaɗai, ƙungiyar Sima ta Siriya ta yi nasara a 2013, Salah ɗan asalin Maroko a 2015, ƙungiyar 'yan mata ta Mayyas daga Labanan a 2019, kuma dukkansu masu rawa ne. Mayyas ta wuce har ta cinye America's Got Talent a 2022, ta karɓi dala miliyan ɗaya, a lokacin da ƙasarta ke cikin matsin tattalin arziki.

Sai dai kowace kyauta da sharaɗinta. Sharaɗi na farko lokaci ne: abin da ba zai burge cikin minti biyu ba, ba shi da wuri, domin talla na jira. Rawar da ke farawa a hankali ta yi ta hawa har tsakar dare ba za ta rayu a nan ba, sai tsalle da juyi da abin mamaki. Na biyu fuska ce. Duk wanda ya kalli Mayyas ya ga 'yan mata sun jeru ɗaya bayan ɗaya, hannayensu na buɗewa kamar fukafukai ko rassan itace. Wannan kyau na mai kallo daga gaba ne kawai, wato na kyamara. In ka tsaya a gefe, sai ka ga layin mutane suna ɗaga hannu. Rawa ce da aka gina domin ido ɗaya, akasin rawar da'ira da aka gina domin idon gari. Na uku alƙali ne. A dandali makaɗi da tsofaffi da sa'o'i ne ke auna gwaninta, da ma'aunin da suka gada. A gasa kuwa mutum uku ko huɗu ne a kan tebur, da dubban masu aika saƙon waya waɗanda ba su san sunan rawar ba. Na huɗu shi ne kora: dole kowane mako wani ya fita da hawaye, domin hawayen na cikin hajar da ake sayarwa.

Akwai kuma inda gasar ta ci karo da bango. A 2004 MBC ta dakatar da shirin Ar-Ra'is, wato Big Brother na Larabawa, da ake ɗauka a Bahrain, bayan 'yan kwanaki saboda zanga-zanga. A 2014 tashar Al-Ƙahira wan-Nas ta Masar ta fara gasar rawa mai suna Ar-Raƙisa, da shahararriyar mai rawa Dina cikin alƙalai, aka dakatar da ita bayan fitowa ta farko sakamakon sukar Darul Ifta. Rawar da ake yi a kowane biki a Alƙahira ta zama abin rigima da zarar ta hau allo, domin kyamara tana fitar da abin cikin gida zuwa kasuwa.

Yadda abin ya kasance a Sudan

A nan gida gasa ta bi ta kan murya, ta kauce wa jiki, kuma da dalili. Dokar laifuffuka ta 1991, a sashe na 152, ta tanadi bulala ga abin da ta kira rashin ɗa'a a bainar jama'a. Dokar nizamul am ta Jihar Hartum ta 1996 ta hana rawar maza da mata a haɗe, ta hana mace rawa gaban maza, ta sa a tashi daga biki da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, sauran jihohi ma suka yi makamantanta. Ba a soke ta ba sai a Nuwamban 2019. A cikin wannan yanayi shirin Nujumul Gad na Babikir Siddiƙ ya riƙa zaƙulo matasan mawaƙa, shirin Agani wa Agani na marigayi As-Sir Ƙaddur kuma, wanda tashar Nilul Azraƙ ta fara a 2006, ya zama abokin buɗa-baki a kowane Ramadan. Mu tuna yadda yake: mawaƙa a zaune a jere, ana kaɗa kai, ana ɗaga hannu ana kaɗa yatsu, ba mai tashi. Waƙar da aka fi daraja a ciki ita ce ta tsakiyar ƙasa, ta Umdurman, da Larabcinta.

Saboda haka yaron da ya tashi a Gadarif a waɗannan shekaru ya ga abu biyu a allo. A tashoshin waje ya ga rawa mai lada da tafi, amma ba tasa ba. A tashoshin gida ya ga fasahar ƙasarsa, amma ba rawa, ba kuma harshensa. Rawar gidansu ta rage a wurin biki, ƙarƙashin tsoron agogo da 'yan sanda. Ba abin mamaki ba ne in ya ɗauka abin da ke allo shi ne fasaha, na gida kuwa ƙauyanci.

Wannan ya wuce maganar nishaɗi. Al'ummar da ba a ganin ta, da sauƙi a ce mata baƙuwa. Mun ji ɗacin haka a Oktoban 2008, sa'ad da wata jarida ta Hartum ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin maganar da ta taɓa asalinmu, aka fita zanga-zanga a nan Gadarif har aka rasa rayuka. Mun sake jin sa a Yulin 2022, bayan rikicin Nilul Azraƙ da ya ci rayuka fiye da ɗari, inda Hausawa suka fito tituna a Gadarif da Kasala da Hartum da sauran garuruwa. Abin lura shi ne Sudan ta daɗe da karɓar abin hannunmu. Agashe ya shiga kowace unguwa da sunansa na Hausa, algaita kuma ana busa ta da sunan kita. An san ɗanɗanon, an san sautin, amma ba kowa ya ga masu abin tsaye da kamalarsu ba.

Kyamara ta dawo hannunmu

Yau gasar ta bar ɗakin talabijin ta koma cikin waya. TikTok da Facebook sun gaji dukkan sharuɗɗan nan huɗu, suka ƙara tsananta su: minti biyu ya koma daƙiƙa talatin, alƙalai sun koma adadin masu dannawa, allo ya tsuke ya miƙe tsaye har ba ya ɗaukar fiye da mutum ɗaya ko biyu. Da'ira ba ta shiga cikinsa. Amma a karon farko tun zamanin A'isha al-Falatiya, ba sai mun jira mai gidan rediyo ko mai tsara shiri ya buɗe mana ƙofa ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara wa maganar nauyi. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disamban 2023 da Sinja a tsakiyar 2024, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, cikinsu har da danginmu na Jazira da Sinnar. Unguwanni sun watse, kuma rawar da'ira da unguwa take rayuwa. Tsohuwar da ta san waƙoƙin gaɗa, da makaɗin da ya haddace taken gidaje, in suka tafi ba a ɗauka ba, babu ma'ajiyar da za a je a nemo.

Shawararmu ga matasa masu waya ita ce su ɗauki rawar yadda take kafin su gyara ta domin masu kallo. A ja da baya a ɗauki fili duka, da masu tafi da masu guɗa. A bar ta ta yi tsawonta. A tambayi makaɗi sunan kiɗan da na wanda aka buga wa take, a rubuta. Abin da yake na mata a cikin gida, mata su ɗauka, su ajiye, kada a watsa sai da yardar masu shi, domin mutunci na gaba da yawan masu kallo. Bayan haka, wanda ke da baiwa ya tsara tasa ta dandamali, ya shiga kowace gasa da ita, kamar yadda Kanawa suka yi da koroso, muddin ya san sunan uwar da ta haife ta kuma ya faɗa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, rawa ma a ƙafar mai ita.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya jiƙan magabatanmu da suka taka wannan doguwar hanya.